BABI NA UKU: TARIHIN GIDAN WASAN KWAIKWAYO NA JAMI'AR AHMADU BELLO, ZARIYA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar wasan kwaikwayo da rabe-rabensa. A wannan babi kuwa za a dubi wurin da ake yin wasan ne. Masu nazari sun fi mayar da hankali a kan jigo da zubi da 'yan wasa, ba su cika tsayawa a kan muhallin wasa ba, alhali kuwa muhallin shi ne yake tantance wanda zai kalli wasa da wanda ba zai kalla ba. An ɗauki gidan wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a matsayin abin nazari, domin gini ne da aka yi musamman saboda wasan kwaikwayo, kuma aka yi shi da ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe. Tambayar da babin yake son amsawa ita ce: me ya sa al'ummar da ta daɗe da sanin wasan kwaikwayo ba ta rungumi gidan wasa ba? Don amsa wannan tambaya za a fara da dandali, a leƙa birnin Landan inda irin wannan gida ya yi suna, a biyo ta Kano, sannan a yada zango a Samaru.

3.1 Muhallin Wasa a Gargajiyance

Bahaushe bai san gina wa wasa ɗaki ba. Wurin wasansa shi ne dandali, ko ƙofar fada, ko bakin kasuwa, ko tsakar gida. Kowane wasa da irin wurinsa da lokacinsa. Tashe, alal misali, ana fara shi ne idan watan azumi ya kwana goma, kuma 'yan wasa ne suke bin masu kallo gida gida, ba masu kallo ne suke zuwa wurinsu ba. Wasan gauta kuwa na matan gidan sarauta ne, inda sukan kwaikwayi sarki da fadawansa, har su nuna wa masu mulki wasu halayensu waɗanda ba mai iya faɗa musu baki da baki. Kalankuwa ta samari da 'yan mata ce bayan an kawar da amfanin gona, inda akan naɗa sarki da alƙali da sauran masu muƙamai na wasa. 'Yan kama su kuma duk inda taro ya haɗu nan ne fagensu.

A ƙauyukan ƙasar Ɗanbatta, inda gari yake kusa da gari kuma gona take manne da gona, dandali ba ya wuce wani fili a tsakiyar unguwa ko gindin wata bishiya. Da rana wurin hira ne ko shanya, da dare kuma idan akwai farin wata sai ya zama fagen wasa. Abubuwa uku ne suka bambanta wannan muhalli da gidan wasa na zamani. Na farko, ba shi da ƙofa, saboda haka ba a biyan kuɗin shiga, sai dai a yi wa ɗan wasa kyauta bayan ya burge. Na biyu, masu kallo sukan yi da'ira ne su sa 'yan wasa a tsakiya, su yi amshi, su yi tafi, wani lokaci ma su tsoma baki a cikin wasan. Na uku, kowa ya san kowa, don haka iyaye ba sa fargabar inda 'ya'yansu suka tafi. Waɗannan abubuwa uku su ne ma'aunin da za a yi amfani da shi a sauran sassan wannan babi.

3.2 Gidan Wasa na Musamman: Misalin Landan

Ɗalibin Hausa ya san William Shakespeare ko da ta hanyar Daren Sha Biyu, fassarar da Ibrahim Yaro Yahaya ya yi wa ɗaya daga cikin wasanninsa. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, su ma Turawan Ingila a farfajiyar masaukai da fadojin manya suke wasanninsu kafin su fara gina wa wasa gida. A shekarar 1576 ne James Burbage ya gina wani gida mai suna The Theatre a unguwar Shoreditch. Bayansa aka gina Curtain a 1577, sai Rose wanda Philip Henslowe ya gina a 1587. A ƙarshen watan Disamba na 1598, sakamakon rigima da mai filin, 'ya'yan Burbage suka kwance katakan The Theatre, aka haye Kogin Thames da su, aka gina shahararren gidan nan na Globe a 1599. Shakespeare yana ɗaya daga cikin masu hannun jari a wannan gida.

Duk waɗannan gidaje a wajen ikon hukumar birnin Landan aka gina su, domin magajin gari da 'yan majalisarsa ba sa ƙaunar su. Suna ganin wasa yana raba yara masu koyon sana'a da aikinsu, yana tara ɓarayi da 'yan iska, yana kuma yaɗa annoba. Hasali ma an rufe gidajen na tsawon lokaci tsakanin 1592 da 1594 saboda annoba. Masu wa'azi na ɗariƙar Puritan su kuma suna sukar wasan ta fuskar addini, musamman yadda yara maza suke yin shigar mata, tun da a lokacin ba a yarda mace ta hau dandamali ba.

Fasalin Globe kusan da'ira ne, tsakiyarsa a buɗe, ba rufi. Wanda ya biya kwabo ɗaya zai tsaya a filin da ke gaban dandamali, mai hali kuma ya ƙara kuɗi ya hau bene ya zauna. A ranar 29 ga Yuni, 1613, ana cikin wasan Henry VIII aka harba igwa, wuta ta kama rufin ciyawa, gidan ya ƙone ƙurmus, amma ba a rasa rai ba. An sake gina shi a 1614 da rufin gasasshen yumɓu. A watan Satumba na 1642, da yaƙin basasa ya ɓarke, Majalisar Dokoki ta ba da umarnin rufe gidajen wasa, ba a kuma sake buɗe su a hukumance ba sai a 1660. Globe ɗin da masu yawon buɗe ido suke ziyarta sabon gini ne da aka buɗe a 1997.

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, ran da aka sa wa wasa katanga da ƙofa, ran nan ya sami kuɗin shiga da ƙwararrun 'yan wasa, ran nan kuma ya sami maƙiya. Kamar yadda za a gani, abin da ya faru a Kano bai yi nisa da wannan ba.

3.3 Makaranta da Silima

Da zuwan Turawa wasan kwaikwayo ya sami sabon muhalli a makarantun boko. A shekarun 1930 R. M. East ya fitar da littafin Six Hausa Plays domin amfanin ɗalibai, kuma a ƙarshen waɗannan shekaru Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna. Daga baya aka sami Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada. Irin waɗannan wasanni a ɗakin taro ko ɗakin cin abinci na makaranta akan yi su, a haɗa tebura a yi dandamali, a rataya zane a matsayin labule. A nan ne da'irar dandali ta warware ta koma sahu-sahu, 'yan wasa a gaba, masu kallo suna fuskantarsu. Talakan da bai shiga boko ba kuwa ba shi da dalilin shiga wannan ɗaki. Abin da ya isa gare shi shi ne majigi, wanda motar gwamnati take kawowa ƙofar fada, kowa ya kalla kyauta.

Gini na farko da Bakano ya sani wanda ake biyan kuɗi a shiga don kallo kawai shi ne gidan silima. Kamar yadda Brian Larkin ya nuna a littafinsa Signal and Noise na 2008, an buɗe silimar Rex a Kano a 1937, kuma gidajen silima na farko duk a wajen ganuwa aka yi su, a yankin baƙi, kamar dai yadda aka yi a Landan. A ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum 331 suka rasu. Jama'a da dama sun ɗauki wannan masifa a matsayin ishara ga masu zuwa irin waɗannan wurare. Da aka gina silimar Palace a Jakara, cikin birni kusa da Kasuwar Kurmi, a farkon shekarun 1950, malamai da mutanen unguwa sun nuna ƙin amincewa ƙwarai, har akan jefi masu shiga. Daga baya an mayar da ginin asibiti.

Tun daga wannan lokaci sai gidan kallo ya sami tabo a idon Bahaushe. Ba kallon ne kaɗai abin ƙi ba, domin mutanen da suka ƙi silima sun kalli majigi. Abin ƙin shi ne katangar da take ɓoye wanda ya shiga, da duhu, da cakuɗuwar mutanen da ba a san asalinsu ba. Duk wanda zai gina gidan wasa a ƙasar Hausa bayan wannan, to, ya gaji wannan tabo ko yana so ko ba ya so.

3.4 Kafuwar Gidan Wasa na Samaru

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 a Samaru, nesa da ganuwar birnin Zazzau. A 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a matsayin fanni a ƙarƙashin Sashen Ingilishi, bisa jagorancin Michael Etherton. Kafin zuwansa Zariya, Etherton ya koyar a Jami'ar Zambiya, inda yake cikin waɗanda suka kafa dandalin Chikwakwa, wanda manufarsa ita ce kai wasa ga talakawa cikin harsunansu. Da wannan ra'ayi ya zo, saboda haka bai nemi a gina masa irin ɗakin wasan Turai mai labule da kujeru a jere ba.

Wanda ya zana ginin shi ne Steven Ehrlich, wani matashi Ba'amurke masanin zanen gine-gine, wanda ya yi aikin sa kai a Maroko kafin ya zo koyarwa a jami'ar daga 1974 zuwa 1977. An kammala ginin a tsakiyar shekarun 1970, kuma sunan da ya bi shi a bakin ɗalibai shi ne Drama Village, wato ƙauyen wasan kwaikwayo. Wannan lokaci ne da kuɗin man fetur ya yawaita, gwamnati tana gina manyan gine-gine na kankare, ciki har da babban gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu a Legas, wanda aka yi domin bikin FESTAC na 1977. A daidai lokacin da Legas take zuba siminti da ƙarfe, Samaru ta koma ga ƙasa da ciyawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ginin yana ɗauke da wata manufa.

3.4.1 Tsarin Ginin

Zazzau ba baƙuwa ba ce a fagen ginin ƙasa. A nan ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a ƙarni na goma sha tara, ginin da har yau masana suke misali da shi. Daga wannan gado Ehrlich ya ɗebo. An tsara gidan wasan kamar gidan Bahaushe: ɗakunan kago masu rufin jinka a gefe gefe, katangar ƙasa ta haɗa su, fili kuma a tsakiya kamar tsakar gida. An yi wa bangon ado da irin zanen da magina suke yi a fuskar soraye.

Hikimar wannan tsari ita ce, ba a ɗaure wasa a wuri ɗaya ba. Ana iya yin wasa a tsakiya masu kallo su kewaye shi kamar a dandali, ana kuma iya mayar da 'yan wasa gefe ɗaya masu kallo su fuskance su. Idan aka kwatanta da Globe za a ga kamanni ta fuskar da'ira da kusancin ɗan wasa da mai kallo, da kuma rufin ciyawa. Amma akwai bambanci babba. Globe kasuwanci ne, masu jari suka gina shi don riba, kuma da kwabon 'yan kallo yake rayuwa. Gidan Samaru kuwa aji ne da wurin gwaji, da kuɗin jami'a yake rayuwa. Bugu da ƙari, ginin ƙasa yana da sharaɗinsa: yana son yaɓe a kai a kai kafin damina, jinka kuma tana son sabuntawa. A ƙauye maigida da 'ya'yansa suke yin wannan aiki, ko a yi gayya. A ma'aikatar gwamnati kuwa sai an jira kasafin kuɗi.

3.5 Fita Zuwa Ƙauyuka

Ko da yake an ba ginin siffar gidan Bahaushe, a cikin harabar jami'a yake, bayan shinge da masu gadi. Manomin Bomo da yake maƙwabtaka da jami'ar, ko matar aure da take cikin kulle a Samaru, ba za su tako su zo kallo ba. Masu kallon dai su ne ɗalibai da malamai, harshen wasa kuma galibi Ingilishi. Wato ginin ya cika sharaɗi ɗaya daga cikin ukun da aka ambata a 3.1, shi ne na da'ira, amma bai cika sauran biyun ba.

Malaman sashen, irin su Etherton da Brian Crow, da waɗanda suka taso a hannunsu kamar Salihu Bappa da Oga Steve Abah, sun fahimci haka da wuri. Sai aka ɓullo da tsarin tura ɗalibai cikin garin Samaru su tattauna da jama'a, su gano matsalolinsu, su dawo su shirya wasa a kai, sannan su koma su nuna shi a cikin unguwa. Daga nan aka faɗaɗa zuwa ƙauyuka. A 1977 an yi Wasan Manoma a Soba, a lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo take yayata shirin ciyar da ƙasa wanda ta ƙaddamar a 1976. A 1979 an je Maska, sannan a farkon shekarun 1980 aka yi aiki a Bomo.

A tsawon waɗannan shekaru hanyar aikin ta sauya. Da farko ɗalibai ne suke shirya wasa su kai wa mutanen ƙauye, su kuma su kalla. Sannu a hankali aka gane cewa wannan bai bambanta da majigi ba, tun da baƙo ne yake zuwa ya gaya wa manomi abin da yake damunsa. Sai aka koma shirya wasan tare da manoman, su kawo labari, su hau fage, a tsayar da wasa a tsakiya a tambayi masu kallo mafita, a sake gwadawa. A nan an amfana da ra'ayoyin Paulo Freire da Augusto Boal na ƙasar Birazil, da kuma shirin Laedza Batanani da aka fara a Botsuwana a 1974. Amma ga wanda ya tashi a ƙauye, mai kallo ya tsoma baki a wasa ba sabon abu ba ne, haka ake yi a kalankuwa. Wannan aiki shi ya haifar da ƙungiyar NPTA a 1989, ya kuma sa sunan Zariya ya shiga tarihin wasan kwaikwayo don raya karkara a Afirka. Abin lura a nan shi ne, mafi girman abin da gidan wasan Samaru ya haifar, a wajen katangarsa aka yi shi.

3.6 Bayan Shekarar 1990

Yayin da ake wannan gwaji a Samaru, wasan Hausa ya sami wata hanyar shiga gidajen jama'a. Rediyo da talabijin na Kaduna sun fito da 'yan wasa irin su Usman Baba Pategi, wato Samanja, da Ƙasimu Yero. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset na bidiyo, wanda ake ɗauka shi ne mafarin finafinan Hausa na kasuwa. Da wannan sai matar da ba za ta je gidan kallo ba ta sami kallo a ɗakinta, buƙatar gidan wasa ta ƙara raguwa.

Duk da haka tsohuwar fargabar ba ta gushe ba. A 2001 gwamnatin Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai. A 2016 kuma Gwamnatin Tarayya ta janye shirin gina ƙauyen shirya finafinai a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, bayan malamai da jama'a sun yi suka mai zafi. Finafinan ba su daina shiga gidaje ba, amma da aka ce za a keɓe musu wuri a kewaye, sai aka ƙi. Wannan ya yi daidai da abin da ya sami Palace shekaru fiye da sittin kafin nan.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an bi tarihin muhallin wasa tun daga dandali har zuwa gidan wasa na Samaru. An ga cewa a Landan da Kano duka gidan kallo a bayan gari ya fara, ya gamu da gobara da adawar masu addini da ta hukuma. An kuma ga cewa ginin Samaru ƙoƙari ne na sulhunta gidan wasa da al'adar Bahaushe ta hanyar fasali da kayan gini, amma fasali kaɗai bai wadatar ba, sai da 'yan wasan suka fita suka tarar da jama'a a inda suke.

Amsar tambayar da aka yi a farko ke nan: Bahaushe bai ƙi wasa ba, wurin da idon jama'a ba ya kai wa ne bai aminta da shi ba. Saboda haka duk hukumar da take son raya wasan kwaikwayo a wuri irin Ɗanbatta, ba gini ne farkon abin da take buƙata ba. Abin da ya fi gaggawa shi ne kare filayen dandali, waɗanda ake yankawa ana gina gidaje da shaguna a kansu saboda ƙaruwar jama'a da ƙarancin fili. Idan dandali ya tafi, tashe da kalankuwa ba su da wurin tsayawa, kuma yaran da za su gaje su ba su da inda za su koya. A babi na gaba za a nazarci wasannin da ake yi a dandalin ƙauyukan Ɗanbatta ɗaya bayan ɗaya, ta fuskar jigo da zubi da tsari.